Maɓalli da Hannu Ɗaya

Yayana ba bahago aka haife shi ba. Injin yankan takarda ne ya mayar da shi bahago, a wata maɗaba'a da ke bayan kasuwa, lokacin yana ganiyar samartaka. Hannun dama ya tafi tun daga wuyan hannu, sunan kuma ya zauna daram. Yau in ka shiga layin masu buga takardu ka tambayi sunansa na gaskiya sai a yi ta kallon juna, amma kana cewa Bahago za a nuna maka shagon da ke ƙarƙashin bene, kusa da mai gyaran agogo, inda wata tsohuwar firinta take tari tun safe.

Ni ce autar gidanmu, koyarwa nake yi a firamare, kuma ni kaɗai ce nake iya gaya masa gaskiya ya yi fushi ya huce. Na san taurin kansa tun yana da hannu biyu, rashin ɗayan kuwa ƙara masa ya yi. Da aka sallamo shi daga asibiti bai yarda kowa ya ɗaure masa igiyar takalmi ba. Sai ya turo ƙofa ya sa sakata, ya yi ta fama da haƙori da dungun hannu, mu muna waje muna jin tsakinsa. A haka ya koyi ɓare lemo, ya koyi ajiye abin yankan farce a ƙasa ya taka shi da ƙafa, ya koyi duk abin da mutum yake yi wa kansa ba tare da ya ce a taimaka ba. In wani ya yi subul da baka ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To wa ya aike ka ɗaukar jinka?"

Mutum ɗaya ne kawai yake zare wa sakatar nan, abokin aikinsa na maɗaba'a, wanda ya naɗe hannun da rigarsa ya kai shi asibiti. Waƙafi ake ce masa, don ba ya taɓa sa aya a magana. In ya fara ba ka labarin sayen takalmi, sai ya bi ta kan mai shagon da surukinsa da ciwon ƙafar kakarsa, kai dai ka nemi wurin zama. Shi ne wata rana ya shigo da wata tsohuwar laftof mai nauyin dutsen guga, ya dire ta a cinyar Yaya ya ce, "Tunda ka daina yanka takarda, sai ka koma cika ta da rubutu, aikin ai duk na takarda ne, kuma ni ma ina nan, in ka gaji in karɓa, in na gaji ka karɓa."

Babbar manhajar da ke tada na'urar ta riga ta mutu, sai suka sa mata irin ta kyauta, wadda jama'a daga ko'ina suke haɗa hannu su gina. Kowa yana iya ɗauka, kowa kuma yana da damar buɗe cikinta ya sauya abin da bai yi masa ba. Yaya ya raɗa mata suna Ta Kowa. Mutumin da ya tsani a yi masa abu ya sami na'urar da take cewa yi da kanka, ai ka san an gamu.

A cikin hanjinta ya tono wani ɗan fayil, wanda yake gaya wa kowane maɓalli harafin da zai fitar in an danna shi. Ya tattaro haruffan da aka fi taɓawa ya jera su ƙarƙashin yatsunsa na hagu. Sauran ya ba su hawa na biyu: in babban yatsa ya danne maɓallin da ke gefen dogon nan na tazara, sai allon maɓallan ya juye, haruffan ɓangaren dama su dawo hagu. Masu ƙugiya, su ɓ da ɗ da ƙ, ya ware musu hawa na uku. Bai kuma bar fayil ɗin ya huta ba. Yau ya matsar da wannan harafi, jibi ya ce ƙaramin yatsa yana shan wahala ya sauya wa wancan gida, shekara da shekaru, har abin da ke rubuce a kan maɓallan da abin da suke fitarwa suka raba gari. Na taɓa gwada rubuta sunana a kai, abin da ya fito ko likita ba zai karanta ba.

Shi da Waƙafi suka kama shago tare, tebur biyu, firinta ɗaya. Yaya da hannu ɗaya yana tsere wa masu hannu biyu, har akwai masu kawo takardar da ba su da buƙatarta don kawai su tsaya su yi kallo. Waƙafi yana tare masu jira da hira, Yaya yana aiki fuska a murtuke. Ban taɓa ganinsa cikin kwanciyar hankali kamar shekarun nan ba.

Fayil ɗin ne ya raba su. Waƙafi ya daɗe yana yi masa naci. "Ka tura wa mutanen nan su sa shi a cikin manhajar mana, duk mai hannu ɗaya a duniya ya samu, kai ma in taka ta lalace ka je ka ɗauko abinka, ba ka ga yadda suke yi ba, kowa ya kawo nasa..."

"Su da hannu biyu suka gina tasu," in ji Yaya. "Ni sai da na ba da hannu kafin in sami wannan."

"Ai kai ma kyauta ka ɗauki tasu."

"Su suka ga dama."

Ina wurin ranar, na sa baki na ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Sakamakona shi ne ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci.

Wata rana ya dawo daga sayo takarda ya tarar da filash a maƙale a gefen laftof ɗinsa, Waƙafi yana tsaye a kai. Waƙafi ya ce kwafi yake ajiye masa don gudun tsautsayi, kuma na rantse gaskiya ya faɗa. Yaya bai saurara ba. Ya fizge filash ɗin ya murƙushe shi da dunduniyar takalmi, ya kira abokinsa ɓarawo a gaban mutane. Ranar ce Waƙafi ya sa aya. Ya naɗe wayoyinsa, ya kira mai tura kura ya kwashe teburinsa. Shagon da ya samu kuwa, kamar da gayya, a tsallaken titi yake, ƙofa tana kallon ƙofa.

Haka suka yi furfura suna kallon juna ta gilashi, ba sa ga maciji. Na san Yaya ya yi nadama tun kafin rana ta faɗi, don washegari ya juya teburinsa ya fuskanci titi, wai ya fi samun haske. Amma a ce ya tsallaka ya ba da haƙuri, gara ka ce ya mayar da hannun da ya guntule.

Sai wata safiya ƙofar tsallake ba ta buɗu ba. Aka kwana, aka tashi, tana rufe. Mai gyaran agogo ne ya kawo labari: Waƙafi ya yanke jiki ya faɗi a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yaya ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ci gaba da bugawa, amma na ga shafin da ya fitar, duk kuskure ne.

Bayan an sallame shi, matarsa ta zo shagon da kanta. Na taso daga makaranta na biyo, na same ta a tsaye don ta ƙi zama. Mace ce mai kawaici, ba ta ɗaga ido ba ta ce, "Bakin abokin naka ya yi nauyi, da ƙyar muke tsintar maganarsa. Amma wannan ya maimaita har na haddace. Ya ce a ce wa Bahago ya zo ya koya masa maɓalli."

Yaya ya ce, "Ki ce masa ina nan tafe." Tana fita ya juyo, ido ya kawo ruwa, baki kuma har kunne. "Kin ji ko, Auta? Fayil ɗin yake so."

Na ce, "Yaya, riga ma fa tana da maɓalli. Mutumin da ya wayi gari matarsa ce take sa masa kaya, kana ganin buga takarda ce a ransa?"

"Ke kika san Waƙafi ko ni? Mai buga takarda in ya ce maɓalli, ba sai an yi masa fassara ba."

"Ko ma wanne ne, ka rufe shagon nan ka je yau. Zumunci a ƙafa yake."

"In je masa hannu rabbana? Bayan abin da na yi masa a kan fayil ɗin nan?"

A nan na gane matsalar. Kunya ce take cin sa, yana neman abin da zai riƙe a hannu ya kare fuskarsa da shi. Na ce to ya kwafa a filash mu tafi, ai ba aikin minti biyar ba ne. Ya girgiza kai. Waƙafi, in ji shi, mutum ne mai bin zamani, duk sabon zubin manhajar da ya fito sai ya hau. Shi kuwa Yaya ya tsaya a kan wani tsohon zubi tun shekarun baya, duk sanda saƙon sabuntawa ya leƙo sai ya rufe shi kamar mai korar ƙuda. In ya kai fayil ɗin ya ƙi aiki a sabon zubi fa? Ya kunyata sau biyu ke nan. Dole ya sabunta tasa tukuna ya gwada, gobe ko jibi sai ya je.

Ba zan ce ya yi sakaci ba. Ya jona babban faifan ajiya ya kwashe foldarsa kaf, takardun mutane da hotuna da komai. Ya duba ya ga sunan fayil ɗin a ciki, ya nuna mini da yatsa, ya ce, "Ga shi nan, kada ki ce ban ajiye ba." Sannan ya sa caja, ya danna amincewa.

Da yake ya yi nisa a baya, ba a tsallakawa kai tsaye, sai an bi zubi bayan zubi kamar hawan bene. Hawan farko ya cinye yini, na'urar ta kashe kanta ta tashi, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa. Ni na ɗauka ta mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Ya koma baƙin allon da ake rubuta umarni, ya ce direban hoto ne bai dace ba, wato ɗan abin da ke sa manhaja ta yi magana da allo. Zai sauko da wani, sai ya tarar waifai ma ya ɓace. Ya jona wayarsa da igiya ya jawo data ta nan. Kwanaki yana wannan, yana tsaki yana murmushi, don gaskiya irin wannan wahala daɗinta yake ji. A baƙin allon dama can tsarinsa ba ya aiki, da yatsa ɗaya ya saba lalube, shi ya sa bai lura da komai ba. Daga nan, a baƙin allon dai, ya hau zubi na gaba, da na gaba.

Ranar da allo ya dawo, fes da shi, launi sabo, ya kira ni in zo in gani. Ya gyara zama ya buga kalmar sirrinsa, na'ura ta ce ba ita ba ce. Ya sake, ta ƙi. Ya koma gurbin da ake ganin rubutu ya saki yatsunsa, sai ga shirme yana fitowa. Maɓallan sun koma faɗin abin da ke rubuce a kansu.

Ya ce, "Ba komai, ai na ajiye." Ya lalubi kalmar sirrin da yatsa ɗaya ya shiga, ya buɗe faifan ajiya, ya danna sunan. Abin da ya kwafa ashe ba fayil ɗin ba ne, alama ce kawai mai nuna hanyar zuwa wurinsa, wadda ya ajiye a fuskar allo tun shekarun farko don sauƙin buɗewa, har ya manta cewa alama ce. Fayil ɗin kansa bai taɓa zama a foldar Yaya ba. A ɗakin manhajar yake, cikin kayanta, kuma sabuntawa ta ɗauke tsohon ta ajiye sabo dal kamar yadda take yi wa duk kayanta. Kamar ɗan haya ne da ya kafa kantarsa a siton mai gida, aka zo gyaran gida aka share. Ba laifin kowa ba ne sai nasa, garin neman ƙiba ya samo rama.

Ya gwada manhajar tono abin da aka goge, ta yini tana haƙa, ta fito masa da tarkacen hotuna da guntayen takardu, ban da abin da yake nema. Ya sauke girman kai ya rubuta a dandalin masu amfani da manhajar, inda ya shekara yana karanta amsoshin wasu bai taɓa ba da ko ɗaya ba. Baƙin da bai sani ba suka amsa masa da mutunci. Ɗaya ya tambaya ko akwai wani da ya taɓa kwafa. Wani ya ce irin wannan tsari abin nema ne, da ya turo musu tun farko da yanzu yana cikin kowane zubi. Yaya ya karanta, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce a hankali, "Filash ɗin nan." Da na sani ƙeya ce.

Na ce, "To yanzu dai ba abin da ya rage, tashi mu je ka gan shi. Ka ba shi wannan labarin ma, wallahi sai ya yi dariya."

"In ce masa me? Abin da na kira ka ɓarawo a kansa na zubar da hannuna? Bari in sake gina shi."

Sai dai gini yana son a san inda kowane harafi yake, Yaya kuwa bai sani ba. Na ɗauka wasa yake yi. Na ce ina ƙ take, ya dubi maɓallan, ya ɗaga yatsa, ya sauke, ya ce, "Ina jin nan ce. A'a, nan." Kansa ya daɗe da sallama wa yatsu aikin, su kuma ba sa amsa tambaya. Dabarar da ya fito da ita, dole in yaba masa. Akwai wata 'yar manhaja da take nuna lambar duk maɓallin da aka taɓa. Sai ya rufe ido, ni in karanta masa jimla, shi ya buga yadda ya saba, sannan mu bi lambobin ɗaya bayan ɗaya muna haɗa su da haruffan jimlar.

Haka na koma biyowa shagon kullum bayan an tashi makaranta, da littafin karatun 'yan ajina a jaka. Abin da na gano shi ne, da zarar ya tuna cewa ana kallon yatsunsa sai su rikice, kamar yaron da aka ce ya yi tafiya a gaban baƙi. Sai in na karanta da sauri, ko na tsokane shi ya fusata, sannan suke gudu su faɗi gaskiya. Don haka na riƙa karanta masa jimlolin da na ƙirƙira, irin su ƙaton mutum mai taurin kai ya ƙi zuwa duba ɗan'uwansa. Ya buga ta tsaf, har da ƙugiyoyi, sannan ya buɗe ido ya ce in shiga taitayina.

Haruffan yau da kullum ba su ba mu wuya sosai ba. Alamomin da ba a cika taɓawa ba ne suka ja mu. Da muka haɗa su kuma sai sabon zubin ya ƙi gane dannewar babban yatsa, hawa na biyu ya ƙi buɗuwa. Ya koma dandali, aka nuna masa sabon salon rubuta abin, aka kuma nuna masa inda zai ajiye shi cikin foldarsa don kada sabuntawa ta sake taɓawa. Duk wannan lokaci aikin mutane da yatsa ɗaya yake yinsa, kamar kaza tana tsintar hatsi, masu gaggawa suka fara wucewa gaba.

Ni dai na gaji na je gidan Waƙafi ni kaɗai. Na same shi a kujera a falo, an juya ta tana fuskantar ƙofa, hannun dama a kan matashi. Da na shiga ya yi murmushi da rabin baki, amma idonsa bayana yake dubawa. Na ce, "Yana nan tafe, wani ɗan aiki ne ya riƙe shi." Ya gyaɗa kai. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa, ga shi ya tara magana a ido ta ƙi fita. Na fito raina a ɓace, na wuce shagon kai tsaye na zazzage wa Yaya abin da ke cikina.

Ya ce, "Saura kaɗan, Auta. Sannu ba ta hana zuwa."

Na ce, "Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Saura kaɗan ɗin nan ba ta ƙarewa. Da tsarin ya tashi daidai, sai ya tuna yatsun Waƙafi gajeru ne, ba za su kai inda nasa suke kaiwa ba, ya zauna rage musu nisa. Da ya gama wannan ya ce sai ya zana taswirar hawa ukun a takarda, ya sa mata leda, don mai koyo ya riƙa dubawa. Duk gyaran da ya yi mai kyau ne, ban musa ba. Amma na san yayana, kowane gyara wata sakata ce. Damina ta shigo ta same mu a kai, ta fita ta bar mu a kai.

Abin da ya tashe shi a ƙarshe ba maganata ba ce. Wata safiya ya ga mai fenti a kan tsani a tsallaken titi yana shafe allon shagon Waƙafi, mai sayar da kayan waya zai shiga. Ya kira ni a waya ya ce, "In kin tashi ki biyo, ki raka ni."

Ya sa riga mai guga, ya rataya laftof, filash sabo a aljihu, taswira a hammata. Matar Waƙafi ta buɗe mana, ta amsa gaisuwa ba yabo ba fallasa, ta ce mun yi sa'a, yanzu za su fita asibiti wurin motsa jiki. Waƙafi yana zaune da singileti, ya rame, kujerar kuma an mayar da ita tana kallon taga.

Yaya ya tsaya a tsakiyar falo ya rasa ta cewa, sai ya kama zuba. Ya ajiye filash a tebur, ya buɗe laftof, ya shiga bayanin hawa na ɗaya da na biyu, da yadda sabuntawa ta cinye fayil ɗin, da yadda ya rage nisan maɓallan saboda gajerun yatsu, yana nuna taswira yana haɗa gumi. Waƙafi yana kallonsa kawai. Ban ji kalmar haƙuri ta fito ba, amma duk wanda ya san Yaya ya san ita yake ta kewayawa.

Matar ta dawo daga ɗaki da riga a hannu. Ta dubi laftof ɗin ta ce, "Tasa ai babban ɗanmu ya tafi da ita tun tuni. Idonsa ba ya jure hasken allo yanzu." Sannan ta ƙara, ba da faɗa ba, "Farkon abin nan, duk safiya in na zo sa masa riga sai ya yi hawaye. Ya ce shi ya sha ganinka kana ɓalla taka a tsaye kana magana da mutane, ko dubawa ba ka yi."

Yaya ya rufe laftof ɗin a hankali. Ya miƙe da sauri ya nufi abokinsa, hannu a miƙe. "Kawo, kawo in nuna maka, akwai dabara, daga ƙasa ake farawa, ka danne gefen rigar da..."

Waƙafi ya tare shi da gwiwar hannu. Ya karɓi rigar ya shimfiɗa a cinya, ya ɗago mataccen hannun ya zura shi, ya ja wuyan rigar da haƙori ya zagayo da ita ta baya. Sannan ya fara daga sama. Kowane maɓalli sai ya kuɓuce masa sau biyu ko uku kafin ya shiga, yana nishi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya tsallake rami ɗaya, rigar ta karkace. Muna tsaye har ya kai na ƙarshe. Ya ɗago ya dubi Yaya, ya tattaro bakinsa da ƙyar.

"Na... koya."

Mota ta yi hon a waje. Matar ta kama shi ya miƙe, muka fito tare, ta kulle ƙofa. Yaya ya tsaya a bakin titi da jakarsa a kafaɗa har motar ta sha kwana. Mun yi nisa da tafiya kafin ya yi magana, kuma ba ni yake kallo ba.

"Ta sama ya fara, Auta. Hanyar wahala ya koya. Tawa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, da na zo, yini ɗaya ya isa."